Bukukuwan abinci na duniya: wanne ne ya cancanci kuɗin jirgi?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na daɗe ina tara ɗan abin da ya samu don in fita waje da maiɗakina, fitar da ba ta saro kaya ba ce, ba kuma ta asibiti ba. Ita mai son girki ce, duk ƙasar da aka ambata abin da take fara tambaya shi ne me suke ci. Sai na ga gara in daidaita tafiyar da lokacin wani biki wanda abinci ne ginshiƙinsa, na addini ko na al'ada. Yaron shagona ya nuna mini bidiyon bikin jifa da tumatir na Sifaniya, ya ce can duniya ke tururuwa. Ku da kuka yi yawo, ina kuka ga ya dace?

Manomin Kadawa: Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka kai kuɗinka wurin nan. Ni tumatir nake nomawa, na san abin da ake sha kafin kwando ɗaya ya cika: raino, dashe, ban ruwa cikin sanyin asuba, taki, feshi. A ce a loda manyan motoci a juye a titi mutane su yi ta jifan juna suna dariya? Raina ba ya iya kallon bidiyon har ƙarshe.

Ɗalibi a Turai: Baba Manomi, ina girmama ra'ayinka, amma bari in faɗi yadda abin yake don Alhaji ya yanke hukunci da sani. Sunan bikin La Tomatina, ana yin sa a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Buñol kusa da Valencia, ranar Larabar ƙarshe ta watan Agusta. Asalinsa tun 1945 ne, daga wata hatsaniya ta samari a dandalin gari. Jifan kansa awa ɗaya ne cak, ana buga alama a fara, a sake bugawa kowa ya tsaya. Tumatirin ya haura tan 100, kuma masu shirya bikin sun ce wanda ya nuna ya wuce kai wa kasuwa ne. Tun 2013 sai da tikiti ake shiga, an taƙaita mutane zuwa kimanin 20,000, don a da garin cika yake har ba masaka tsinke. Garin yana samun kuɗin shiga sosai da shi.

Amma ni ma ba zan ce Alhaji ya kai Hajiya can ba. Cakuɗa ce ta maza da mata, tufafi a jiƙe, giya tun da safe. Kuma babu wani abinci da za ta koyo. Ga wahalar bizar Shengen a kan awa ɗaya.

Manomin Kadawa: To ka gama magana da kanka, ɗana. Ka tuna 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonakinmu a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir? Mata suna miya da karas da kabewa don tumatir ya gagara. A lokacin ne hotunan wannan biki suka yi ta yawo a waya. Ban manta zafin da na ji ba.

Malamar Makaranta: Baba, ni ina tare da kai a kan almubazzaranci. Sai dai in za mu yi adalci, mu leƙa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a watan Fabrairu da Maris, lokacin da kaya suka yi yawa. Kwanduna nawa ake zubarwa a bakin titi don babu mai saye, babu ɗakin sanyi, babu masana'antar da za ta kwashe? Wanda aka yi sa'a shi ne aka yanka aka shanya a ƙasa ya zama kauɗa. Namu asara ce da hawaye, nasu da gangan ne, na yarda akwai bambanci. Amma tumatirin da ke ruɓewa a wurinmu ya isa ya hana mu barci kafin mu kai ga na Sifaniya.

Manomin Kadawa: Wannan gaskiya ne, Malama, kuma ni ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Amma laifin wani ba ya wanke na wani.

Shugabar Zaure: Jama'a, maganar asarar tumatir babba ce, a buɗe mata nata zaren. Nan a amsa wa Alhaji tambayarsa.

Hajiya Babba: Ɗana Ɗan Kwari, saurara. Ni na tsufa a hanya, kuma abin da na fahimta shi ne bukukuwan abinci iri biyu ne. Akwai wanda ake shirya wa baƙo don ya biya ya kalla, akwai wanda mutanen gari suke yi don Allah ko don al'adarsu, ko ka zo ko ba ka zo ba za su yi, in kuwa ka zo sai sun ciyar da kai. Na biyun shi ne abin zuwa. In ka tambaye ni, ka kai ta Tuba a Senegal lokacin Magal.

Ana yin sa ranar 18 ga watan Safar, don tunawa da ranar da Turawan Faransa suka kama hanyar kai Shehu Ahmadu Bamba gudun hijirar dole zuwa Gabon a 1895. Shekara bakwai ya yi a can. Maimakon ya mai da ranar ta makoki, sai ya umarci almajiransa su mai da ita ranar godiya ga Allah, da karatun Alƙur'ani da ciyarwa. Wannan ciyarwar suke kira berinde. Kowa yana yanka gwargwadon ƙarfinsa, daga kaza har raƙumi. Miliyoyin mutane ke shiga garin, kuma ba otal ake dogaro da shi ba, gidajen mutane ne a buɗe. Na ga gida ɗaya da aka kayar da shanu a jere, mata sun kwana a kan manyan tukwane, samari suna ɗauke da faranti a ka suna rera ƙasidu suna kai wa baƙin da ba su taɓa gani ba. Kana tafiya a titi za a riƙo hannunka a ce zo ka ci. Ka ce ka ƙoshi, a ce to sha lemo. Ka sha, a miƙo maka kofin Tuba, wanda ake dafawa da kimba, irin kimbarmu ta kunu da yaji.

Matarka za ta shiga cikin matan gidan ta ga yadda suke dafa shinkafa da nama, da yadda suke yin cebujen, shinkafar nan da kifi da ake cusa wa kifin haɗin ganye da tafarnuwa kafin a soya. Ba a shan taba a Tuba, ba a shan giya, mata kuma dole su yi shiga ta mutunci. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya buƙatar biza. Me ya rage?

Almajirin Malam: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Amma ai wannan taron 'yan ɗariƙar Muridiyya ne, kuma ba kowa ne ya yarda da irin wannan taro ba. Ya kamata a faɗa wa Alhaji.

Hajiya Babba: Na faɗa masa sunan Shehun, ai ya san ɗariƙa ce. Ni ba Bamuridiya ba ce, kuma babu wanda ya tambaye ni ɗariƙata kafin ya ajiye mini faranti. Mutanenmu da ke zuwa Kaulaha Maulidi duk shekara sun san karamcin ƙasar nan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga wasu wuraren nan, ba a dole.

Nas ɗin Asibiti: Ni abin da zan ƙara a kan Tuba na lafiya ne. Cunkoso ne na gaske, kuma a 'yan shekarun nan Safar yana faɗowa cikin damina, zafi da ruwa kwance da sauro. Haɗarin mota a hanyar zuwa shi ne babban abin tsoro, duk da babbar hanyar da aka buɗe daga wajen Dakar a 2018 ta rage wahala. A tafi da gidan sauro, da gishirin zawo, da katin rigakafin shawara. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa a jakar hannu. A sha ruwan roba wanda aka ga murfinsa a rufe.

Ɗalibi a Kuala Lumpur: Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in kare Malesiya. In Hajiyar Alhaji girki take so ta gani, azumi a nan shi ne wurin. Daga la'asar tituna ke rikiɗewa su koma kasuwar buɗa-baki, rumfa bayan rumfa. A unguwar Kampung Baru akwai babban masallacin da ya yi suna wajen rabon bubur lambuk kyauta: faten shinkafa ne da nama da busasshen jatan lande da madarar kwakwa da kayan ƙamshi. Tun safe maza ke tsaye a kan manyan tukwane suna juyawa da muciya mai tsawon mutum, bayan la'asar a ƙulla a leda a raba, ba a tambayar kai wane ne.

Sai sallah ta zo. A nan ba kwana ɗaya ko uku ba ne, kusan duk watan Shawwal ana buɗe gida. Mutum zai sa rana ya ce gidana a buɗe yake, kowa ya zo, har maƙwabta 'yan Sin da Indiyawa da ba Musulmi ba. Shugabanni ma suna yi, talaka ya bi layi ya ci. Abin da za a ba ka shi ne rendan, naman da aka dafa da madarar kwakwa a hankali har ruwan ya ƙone ya yi duhu, da ketupat, shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, da leman, wadda ake ɗurawa a gorar bambu a jingina a bakin wuta. Abin da ya fi kwantar da hankali, ƙasar tana da hukumar gwamnati mai ba da shaidar halal, tambarin yana manne a ƙofar shago. Matsalar ita ce nisa da tsadar tikiti, kuma sai da biza.

Ɗan Kwari: Allah ya saka da alheri. Amma azumi da sallah lokacin kasuwarmu ne a Kwari, shekara guda muke jiran sa. Ba zan iya rufe shago ba.

Jikan Mai Wurno: Alhaji, ko ba za ka je ba, bari in rubuta na Sudan don kada a yi wannan hira babu shi. Mu a Jazira, azumi ba a buɗa baki a cikin gida. Kowane magidanci yana fito da tirensa bakin hanya, a shimfiɗa tabarmi a haɗa. Ƙauyukan da ke kan titin Khartoum zuwa Madani kuwa, dab da magariba dattawa ke fitowa su tsaya a tsakiyar kwalta, wani ma ya warware rawaninsa a miƙe shi a kan hanya, sai bas ta tsaya. Ba a barin matafiyi ya wuce da azumi a bakinsa. Har rigima ake yi tsakanin unguwanni a kan wa zai samu fasinjojin. A ba ka asida, wato tuwonsu, da miya, da hilu-mur, abin shan da mata ke fara shiryawa tun watan Sha'aban: a tsirar da dawa, a niƙa da kayan yaji, a gasa fale-fale a kan kasko, in za a sha a jiƙa a tace.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ba wurin yawon buɗe ido ba ne, ba zan ce kowa ya je ba. Amma wannan ɗabi'ar ita ce ta koma takaya, wato ɗakunan girki na unguwa da suka riƙe rayukan mutane da yawa cikin yunwa. Ku sa mu a addu'a.

Hajiya Babba: Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan, ya mai da kowa gidansa. Ɗana, ka sa ni hawaye.

Malamar Makaranta: Amin ya Rabbi.

Mai Zuwa Guwanzu: Amin. Ni gargaɗi na kawo, don na san 'yan kasuwarmu da yawa suna karanta zaren nan. A Sin akwai bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga watan takwas na kalandarsu, yana faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba. Kek ɗin wata ake rabawa, cikin akwatuna masu kyan gaske, kuma masu masana'antar da kake hulɗa da su za su ba ka kyauta don girmamawa. A ido ba ka ganin komai sai zaƙi da ƙullin 'ya'yan bado da gwaiduwar ƙwan agwagwa. To da yawansu da kitsen alade ake kwaɓa su. Haka ɗaurin shinkafar da suke yi a bikin tseren kwale-kwale, a kudanci sau da yawa akwai naman alade a tsakiya. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, amma kada ka ci sai ka ga tambarin halal na Musulmin ƙasar. Suna da nasu kek ɗin da man gyaɗa ko na ganye, ana samu a birnin Guwanzu wajen unguwar Shiyawbei da kusa da tsohon masallacin Huwaisheng.

Kuma kada kowa ya je saro kaya a makon farko na Oktoba ko lokacin sabuwar shekararsu. Masana'antu a rufe, jiragen ƙasa a cike.

'Yar Damagaram: To wannan ya kawo mu kan abin da ke raina tun ɗazu. Ban da na Sifaniya, duk waɗanda aka lissafa na Musulmi ne, sai na Sin da aka ce a yi hattara. Shin Musulmi zai iya zuwa bikin wani addini ya ci abincinsu? Ƙanena ya yi jinyar mahaifinmu a Indiya, ya je Amritsar ya ga abin da ya girgiza shi. A babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh akwai ɗakin girki da ba ya rufewa dare da rana, dubun dubatan mutane ke ci kyauta kullum. Kowa a ƙasa yake zama a layi ɗaya, mai kuɗi da talaka, an cire takalmi an rufe kai. Babu nama sam, sai gurasa da miyar wake da shinkafa da madara. Masu wanke kwanuka 'yan sa-kai ne, ciki har da manyan mutane. Ya ci, amma har yau yana tambaya ko ya yi daidai. Allah gafarta Malam, muna jiran ka.

Malam na Zaure: Bismillah. Ba fatawa zan bayar ba, zan faɗi abin da na karanta a gaban malamaina, wanda ke da shakka ya koma wa malaminsa. Mas'alar hawa uku ce, kuma haɗa su ne ke kawo ruɗani.

Na farko, abin da aka yanka da sunan wanin Allah. Wannan haramun ne da nassi, Suratul Baƙara aya ta 173, tare da mushe da jini da naman alade. Babu saɓani.

Na biyu, abincin da ba yanka ba ne, hatsi da ganye da 'ya'yan itace, wanda wanda ba Musulmi ba ya ba ka ranar idinsa. An ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, game da kyautar da Majusawa ke kawo musu ranar bikinsu, sai ta ce kada su ci abin da aka yanka don wannan rana, amma su ci na itatuwansu. Malamai da yawa sun dogara da wannan. Saboda haka gurasa da wake da ƙaninki ya ci, in ba wanda aka ajiye a gaban abin bauta ba ne, ban ga abin da zai dame shi ba. Yankan Ahlul Kitabi kuwa Suratul Ma'ida aya ta 5 ta yi bayaninsa.

Na uku, kuma nan ne malamai suka fi tsanantawa, shi ne mutum ya niƙi gari takanas don halartar ibadar wani addini, ya tsaya cikin sahunsu lokacin da suke bautarsu. Wannan daban yake da maƙwabci ya aiko maka da kwano.

Ɗalibi a Turai: Allah gafarta Malam, to wanda ya je kallo kawai da niyyar ilimi fa? Ai an ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba.

Malam na Zaure: Ɗana, niyya tana da nauyi, amma ba ta halatta tsayuwa inda ake shirka ko ake shan giya. Ka ga kasuwar biki daban, wurin bauta daban. Ka san inda ƙafarka za ta tsaya.

Ɗan Wusasa: Salama gare ku. Ni Kirista ne, Bahaushe, kuma na ji daɗin yadda Malam ya rarrabe abin. A gidanmu tun muna yara, ragon Kirsimeti maƙwabcinmu Musulmi ake kira ya yanka, don kowa a unguwa ya ci hankali kwance. Mu ma naman layya bai taɓa wuce ƙofarmu ba.

Ina so in sa Habasha a lissafi, tun da jirginsu yana sauka Kano kuma da yawanku a Addis Ababa kuke canja jirgi. Kiristocin Otodoks na can suna azumin kwana 55 kafin Ista, wadda suke kira Fasika, ba nama, ba madara, ba ƙwai. A daren idin ana kwana a coci, sai wajen ƙarfe uku na dare a koma gida a buɗe da doro wat, miyar kaza mai yaji da albasar da aka daɗe ana soyawa, da dafaffen ƙwai, a kan injera, gurasarsu mai tsami. Akwai kuma Meskel a ƙarshen Satumba, da ake kunna babbar wuta a dandalin birnin, 'yan ƙabilar Gurage kuma su koma ƙauye a yi ta cin kitfo, niƙaƙƙen ɗanyen nama da man shanu da yaji. Abin da zai amfani Musulmi matafiyi shi ne, a can mahauta a rabe suke: shagon Kirista da alamar gicciye, na Musulmi da jinjirin wata. Kuma saboda azuminsu na Laraba da Juma'a, kusan kowane gidan abinci yana da farantin ganye da wake zalla, babu ko ɗigon kitse.

Nas ɗin Asibiti: Yayana, na gode, amma ɗanyen naman nan ina roƙon kowa ya ce a soya masa. Tsutsar ciki ba ta san biki ba. Tun da an zo nan, a Masar ma akwai Shammun Nasim, ranar Litinin bayan Istar Kibɗawa, wato Kiristocin ƙasar, Musulmi da Kirista duk suna fita lambu. Abincin ranar fasikh ne, kifin da aka bari ya ruɓa cikin gishiri. Ma'aikatar lafiyarsu kusan duk shekara sai ta yi gargaɗi a kansa, kuma a 1991 gubarsa ta kashe mutum 18 a Alƙahira. Baƙo ya tsaya a kan dafaffen ƙwai da latas da albasa mai lawashi, su ma na bikin ne.

Ɗan Zongo: Mu a Accra muna da Homowo na mutanen Ga, a watan Agusta, tunawa da yunwar da kakanninsu suka sha kafin Allah ya kawo damina mai albarka. Suna turara garin masara da manja, sunansa kpokpoi, a ci da miyar kwakwar manja da kifi. Sarakunansu suna zagaya gari suna yayyafa shi a ƙasa don kakanni, ana zuba giya. Mu 'yan Nima da Mamobi muna da abokai a cikinsu. Abin da iyayenmu suka koya mana daidai yake da maganar Malam: wanda aka yayyafa ba namu ba ne, wurin zuba giya ba ma tsayawa, amma mutunci da gaisuwa ba a fasa ba. Alhaji, in ka zo Ghana ba biza, kuma a Zongo ba za ka rasa masauki ba.

Malamar Makaranta: Abin da ya ba ni sha'awa a zaren nan shi ne Ashura. Mu muna da cika-ciki, har da jelar ragon layya da iyayenmu mata ke adanawa don daren. A Senegal suna kiran ranar Tamkarit, suna yin dambun gero da miya mai nama, kowa ya ci ya ƙoshi a aika wa maƙwabta. A Turkiyya kuwa ashure suke dafawa, alkama da wake da busassun 'ya'yan itace da suga, a yayyafa rumman a sama, a zuba a ƙananan kwanuka a bi gida-gida. Suna danganta shi da labarin jirgin Annabi Nuhu, wai ragowar guzurin da ya rage aka haɗa a tukunya ɗaya. Alhaji, Muharram ba lokacin kasuwar Kwari ba ne. Da Hajiya za ta samu gidan da za ta zauna da matan Istanbul ranar da suke dafa shi, ai ta ga abin da babu a gidan abinci.

Malam na Zaure: A dai tuna cewa abin da ya tabbata a sunna ranar Ashura azumi ne, tare da na tara ga wata. Hadisin yalwata wa iyali malamai sun yi saɓani a kan ingancinsa. Labarin tukunyar Annabi Nuhu kuma al'ada ce ta mutane.

Almajirin Malam: To ai shi ya sa na yi magana a kan Tuba tun farko.

Hajiya Babba: Ɗana, ciyar da baƙo ba ya buƙatar a yi saɓani a kansa. Ka je ka ga yadda talaka ke tara kuɗi shekara guda don ya sayi sa ya ciyar da mutanen da bai sani ba, sannan ka dawo mu yi magana.

Ɗan Kwari: Na nuna wa maiɗakina duk abin da kuka rubuta. Hankalinta ya fi karkata Senegal, ni ma haka, don Safar kasuwa ta lafa kuma ba biza. Abu biyu ke damuna. Ba mu san kowa a Tuba ba, kuma ba ma jin Wolof ko Faransanci.

'Yar Damagaram: Yaya, Faransancin da kake buƙata kaɗan ne, kuma kuɗinsu sefa ce irin tamu ta Nijar, ka canja tun kafin ka tashi. Amma ina da magana ɗaya da ba a yi ba. Duk wannan karamci da ake yabo, a Tuba ne ko a Sudan ko a gidajenmu ranar sallah, a kan wuyan mata yake. Su ke kwana a gaban wuta, su ne na ƙarshen ci. In Hajiyarka ta je, kada ta zauna a ɗaki a kawo mata. Ta ɗaura zani ta shiga madafa ta kama yankan albasa. Da haka za ta koyi girkin, da haka kuma za su ɗauke ta 'yar gida ko ba ta jin kalma ɗaya.

Hajiya Babba: 'Yata ta faɗi gaskiya. Batun masauki kuwa, kada ku faɗa garin haka kawai. Muridawa suna da ƙungiyoyi da suke kira dahira a kusan duk babban birnin da 'yan Senegal ke zaune. Ka nemi telolinsu ko masu sayar da kayansu a Legas ko Kano ko Yamai, ka gaya musu niyyarka, su za su haɗa ka da gidan da za ka sauka. Da yawansu suna jin Larabci, almajiran allo ne. Ku shiga garin kwana biyu ko uku kafin ranar, kafin hanya ta toshe, ku kuma bari sai taro ya watse kafin ku fito. Ranar tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, saboda haka ka lissafa da kalandar Musulunci kafin ka yanki tikiti. Kada ka miƙa wa mai gida kuɗin ɗaki, zai ji ciwo. Ka sayi buhun shinkafa ko katan ɗin lemo ko suga a Dakar ka shiga da shi a matsayin gudummawar girki. Matarka kuma ta tafi wa matan gidan da turmin atamfa daga shagonka, da kilishi da yajin daddawa.

Nas ɗin Asibiti: Kilishin a naɗe shi da kyau a sa a jakar da za a auna, kuma a tambayi kamfanin jirgin ƙa'idar shiga da nama kafin ranar tafiya.